Siririyar allura ko mai kauri: ƙullutu a nonon namiji

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce ƙullutu ya fito masa a ƙarƙashin kan nono, an zuƙo abin ciki da siririyar allura, sakamako ya zo da "akwai shakku" kan ko sankara ce, yanzu likita yana son a sake da mai kauri, kana tambaya ko ba asarar kuɗi ba ce. Ba asara ba ce, ku je a yi.

Siririyar, wadda likitoci ke kira FNAC, ƙwayoyin halitta kaɗai take tsotsowa. A shafa su a kan gilashi, a rina, a duba. Tana da araha, ba ta ɗaukar lokaci, zafinta kamar na ɗibar jini. Idan kumburin nono ne na maza wanda ba sankara ba, kuma shi ya fi yawa, ko sankarar bututun nono da aka saba gani, sau da yawa takan isa a gane.

Inda take gazawa shi ne nau'o'in da ba a cika gani ba. Akwai mai tsiro kamar 'yan yatsu a cikin bututu, wani lokaci da jini daga kan nono, kuma kason sa a maza ya fi na mata. A kan gilashi, mai illa da marar illa sukan yi kama sosai. Akwai mai fitar da majina. Akwai kuma wadda ba daga nonon ta taso ba, ta zo ne daga wani wuri, kamar gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara da ake cewa furostet. Siririya garin bulo take kawowa. Mai kauri ke ciro yanki da simintinsa, a ga yadda ginin yake. Ta nan ake sanin ko cutar tana cikin bututu har yanzu, ko ta fasa ta shiga nama. Wannan kuwa, siririyar ba ta iya nuna shi.

Mai kauri sai an kashe wurin da allura, ta fi tsada, kuma sakamakonta kan ɗauki kwanaki. Amma a kan yankin naman ne aka fi dogara wajen gwajin ER, PR da HER2, wato alamomi a ƙwayoyin sankarar da ke nuna irin maganin da zai yi mata aiki. Mafi yawan sankarar nonon maza tana da ER, abin da ke buɗe ƙofar maganin tamoxifen.

Abin da ke ci mini rai a zangonninmu, daga Aboabo har Asawase a Kumasi, shi ne kunya. Maza kusan kashi 1 ne cikin 100 na masu sankarar nono, sai dattijo ya ɗauka ta mata ce, ya yi ta shafe-shafe har ta kai hammata. Tun da Baba ya yarda an duba, kar ku bari zancen ya huce.

Idan za ku asibitin Komfo Anokye, ku riƙe takardar sakamakon farko. In an tabbatar da cutar, ku tambayi likita batun BRCA2, wata ƙwayar gado da lahaninta ke ƙara haɗarin wannan sankara, saboda gado ne da kan shafi 'ya'ya mata da maza.