Tsofaffin hotunan hawa: taskar intanet ko memorin kasuwa?

Malam, game da sayen memori mai tsofaffin hotunan hawa ko shiga taskokin da ake kallo kyauta a intanet domin kwaikwayon aikin babbar riga, ni na gwada duka biyun, kuma memorin ne na yi da-na-sanin saye.

Ka fara da taskokin. Kamfanin British Pathé na Ingila ya zuba tsofaffin finafinansa kusan 85,000 a YouTube a shekarar 2014, cikinsu har da hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, zamanin da Sarki Usman Nagogo ke kan karagar Katsina. BBC ma tana sakin nata tsofaffin shirye-shiryen, ita kuwa INA, wadda ke adana shirye-shiryen rediyo da talabijin na Faransa, ta buɗe taskarta tun 2006, ko da yake ta fi amfanar mai neman ɗinkin Faris.

Wannan hawan na Kaduna na taɓa kunna wa baffana a zaurensa a nan Katsina, wanda ya shekara yana aikin riga da allura kafin idonsa ya yi rauni. Sau uku yana cewa in tsayar masa da hoton a kan wani mahayi, ya kawo wayar dab da fuskarsa, sannan ya ce aikin aska takwas ne, wato wani salon ado da ake yi wa babbar riga, kuma daga yadda rigar ta zauna a kafaɗa ya gane saƙi ce mai nauyi, duk da cewa hoton baƙi da fari ne. Ranar sai da aka kira magariba muna kan maganar naɗin rawani kaɗai.

Memori kuwa, abin yabonsa ɗaya ne, ba ya cin data.

Wanda na saya an rantse mini cewa hawan zamanin Sarkin Katsina Dikko ne, da na kunna sai ga Hawan Magajiya na Daura na kwanan nan, an cire masa kala an ɗora waƙa, har ana hango masu ɗaukar hoto da waya. Ka yi hattara da irin waɗannan masu sayarwa, domin wani abin da suke turawa daga taskokin nan na kyauta suke kwasowa, su goge shekara da wuri, alhali su ne abin da mai ɗinki ya fi bukata. Ka kuma sani cewa kallo ne kyauta, ba a ba kowa izinin kwashewa ya sayar ba.

Kuɗin memorin ka sayi data da su, ka tsayar da hoton inda zaren ya fito sosai, sannan ka kai wa dattijon maɗinki ya faɗa maka launin da hoton bai nuna ba.