Shagon gyaran da ya ceto mini lissafin bashi bayan sabuntawar kwamfuta ta katse

Ni ne nake riƙe da lissafin wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma shekara 3 ke nan da muka bar rubuta bashi a littafi muka koma kwamfuta. Sunan duk dillalin da ya ɗauki kaya, da adadin turamen da ya ɗauka, da abin da ya biya da abin da ya rage, duk suna cikin laftof guda ɗaya ta hannu mai ɗauke da Windows 11, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai caja na jikinta. Wata ranar Laraba da yamma, ana shirin tashi daga kasuwa, na danna wurin kashewa, sai allon ya nuna cewa tana sabunta manhaja, kada a kashe ta. Ta kai kashi 30 cikin 100 aka ɗauke wuta, mai janareton layinmu kuma ya riga ya rufe. Washegari da na kunna ta, sai ta nuna shuɗin allo tana cewa za ta gyara kanta, ta mutu, ta sake tashi, ta koma inda ta faro, haka ta yi ta kewaye har azahar.

Shagon farko da na kai ta ko minti 5 ba a yi ba aka yanke hukunci cewa sai an goge komai an ɗora sabuwar Windows. Ba wanda ya tambaye ni abin da ke cikinta. Da na ce akwai lissafin mutane a ciki, sai aka ce ai wannan ya riga ya tafi. Na ɗauko kayana na fito, wani maƙwabcinmu a kasuwa ya yi mini kwatancen wani ƙaramin shago a yankin titin Beirut, inda masu sayar da kwamfuta da wayoyi suka yi yawa, kuma a kan wannan shago na biyu nake rubutu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayar da mai shagon ya yi kafin ma ya buɗe murfin laftof ɗin. Ya ce, "Malam, me ke ciki da ba ka son rasawa, kuma kana da kwafinsa a wani wuri?" Na ce ba ni da shi. Ya ce to ba za a taɓa gyara ba sai an fara kwashe kayan. Ya kunna ta ya bar ta ta shiga sashen ceto, wanda Windows ke buɗewa da kanta idan ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, sai ga allo yana neman lambar sirri mai alƙaluma 48. Ya bayyana mini cewa wannan kulle ne da ake kira BitLocker, wanda yake rufe rumbun ajiyar kwamfuta yadda ko ɓarawo ya cire shi ba zai iya karanta abin da ke ciki ba, kuma kwamfutoci da yawa suna kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, ba tare da mai ita ya lura ba. Idan lambar ta ɓata, babu injiniyan da zai iya buɗe rumbun, ko a Kano ko a Amurka.

Ban taɓa jin labarin wannan lamba ba. Injiniyan bai nuna gajiya ba, ya yi ta bin diddigi da tambaya har na tuna cewa ɗan yayana ne ya saita kwamfutar ranar da aka sayo ta, da adireshin imel ɗinsa. Muka kira shi, ya shiga asusun ta wayarsa, ya turo hoton lambar. Ina tsaye a kan injiniyan yana shigar da ita rukuni-rukuni, alƙaluma 6 sau 8, yana karantawa a fili, yaronsa yana bin hoton da yatsa don kada a yi kuskure. Da rumbun ya buɗe, ya jona wani na waje ya kwashe fayilolin lissafin, sannan ya buɗe ɗaya a tasa kwamfutar ya juyo mini da allon ya ce in duba da idona. Na ga sunan dillali na ƙarshe da na rubuta ranar Laraba da turame 12 a gabansa, sai a lokacin na iya zama.

Gyaran kansa bai ɗauki dogon bayani ba. A cikin sashen ceton akwai wurin cire sabuntawar da aka ɗora ta ƙarshe, ya cire ta, kwamfutar ta tashi. Sai dai bai tsaya nan ba, ya nuna mini cewa rumbun mai giga 128 ya cika maƙil, abin da ya rage bai kai giga 3 ba, alhali sabuntawa tana buƙatar fili ta warware kayanta kafin ta jera su. Cikakken rumbu da mataccen batir da wutar da ba ta da tabbas, su ne suka haɗu suka kayar da ita. Ya ba da shawarar sabon batir da rumbun SSD, wato nau'in rumbun ajiya mai sauri, mai giga 256, ya faɗi kuɗin kowanne daban da kuɗin aikinsa daban, ya kuma ce in ina so in je in sayo da kaina a maƙwabta ya ɗora mini. Na zaga na tambaya, farashinsa bai wuce na kasuwa ba.

Inda na fi ganin darajarsa shi ne inda muka yi saɓani. Cikin zafin abin da ya same ni na ce, "Injiniya, ka toshe mini wannan sabuntawar gaba ɗaya, kada ta sake zuwa." Na san akwai masu yin haka a kasuwa, har suna ɗaukarsa taimako ne ga mai kaya. Ya ƙi, kuma ya faɗi dalilinsa. Yawancin abin da ke cikin sabuntawar wata-wata toshe ɓaraka ce da masu kutse suke shiga ta cikinta. Ya tuna mini da cutar kwamfuta ta WannaCry, wadda a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ne ta kama. Bai kuma ɓoye cewa sabuntawa kan zo da nata aibin ba, domin a watan Oktoban 2018 an janye wata babbar sabuntawar Windows 10 bayan an samu rahoton tana goge wa wasu fayiloli. A ganinsa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, abin da ake buƙata shi ne mai kwamfuta ya riƙe linzamin lokaci a hannunsa.

Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yi. Sabuntawar tsaro tana fitowa ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, wajen magariba agogon Najeriya, shi ya sa Laraba da Alhamis ɗin da ke biye su ne ranakun da ya fi karɓar irin matsalata. Ana iya dakatar da ita har tsawon mako 5, don haka ya ce in riƙa jinkirta ta kamar mako guda, in ga ko za a ji wani ƙorafi a kanta, sannan in ɗora ta da kaina a gida ranar da babu kasuwa, batir a cike, bayan na kwafe lissafi a filash. Ya saita mini sa'o'in aiki, waɗanda kwamfuta ba za ta sake kunna kanta a cikinsu ba, ana iya sa su har awa 18. Da ya ji cewa da wayata nake jona ta da intanet, sai ya sanya layin a matsayin mai ƙayyadadden data, yadda ba za ta riƙa sauke manyan fayiloli a ɓoye ba, kuma a nan na gane abin da ya daɗe yana cinye mini data a tsakiyar wata. Ya ƙara da cewa idan babbar sabuntawa ta shekara ce ta kawo matsala, kwana 10 kacal ake da su na komawa tsohon tsari. Lambar nan mai alƙaluma 48 kuwa ya sa na rubuta ta a takarda, tana gida a cikin takardun shago.

Na tambaye shi game da tsohuwar kwamfutar tebur da ke gidan maigidana, wadda take kan Windows 10. Ya gaya mini cewa tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, wanda waccan ba ta da su. Ya ce ana iya cusa mata ta ƙarfi, amma ba zai ba da tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa ba, don haka kada a ɗora mata harkar banki. Da kuɗi kawai yake nema, da ya karɓa ya cusa.

Shagon yana da nasa raunin, kuma ba ƙarami ba ne. An ce in dawo washegari, sai da aka kwana 3, domin batirin da aka fara kawowa bai dace ba, kuma ba wanda ya kira ya sanar da ni, ni ne na yi ta kira, sau da yawa ba a ɗagawa. Ba su ba da rasit lokacin karɓar kaya, suna kawai ake rubutawa a farin salatif a manna a murfi, abin da bai kamata ba a wurin da laftof ke jibge kan juna kusan har rufi. Wurin zama benci ɗaya ne, ga zafi ga ƙarar janareto. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karɓar kalmar sirrin mutum da baki a gaban jama'a, yara masu koyon aiki suna ji. Na gaya masa wannan kai tsaye, ya karɓa ba tare da musu ba, ya kuma goge kwafin fayilolina daga rumbunsa a gabana, ni kuma ina isa gida na canja kalmar.

Duk wanda kwamfutarsa ta maƙale bayan sabuntawa kuma akwai abin da ba ya son rasawa a cikinta, zan tura shi wannan shago, da sharaɗin ya nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, ya tsaya a kwashe fayilolinsa yana gani, kuma ya ƙara kwana 2 a kan duk ranar da aka ce ya dawo. Tun bayan gyaran sabuntawa ta zo sau 2, na ɗora su duka a gida da daddare, kowace ta kammala cikin ƙasa da rabin awa.