Sharhina kan ma'aikaciyar tsara abincin marasa lafiya da ta kula da Baba a asibiti

Kwana 19 Baba ya yi a kwance da kumburin fankiriyas, wannan abin da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narka abinci da insulin. Tsakuwar matsarmama ce ta jawo mishi, kuma nasa mai tsanani ne sosai har sai da aka kai shi ICU, wato ɗakin masu matsanancin ciwo.

Gaskiya da farko haushin matar nan na ji. Kwana biyu kacal da kwantar da shi ta zo ita da likita wai za a sa mishi robar hanci a fara ba shi abinci ta nan, ni kuwa a kaina duk wanda aka sa wa roba to sai addu'a, Inna ma kuka ta fara. Ta zauna ta mana bayani da Hausa, ta ce da can ana barin mai wannan ciwo da yunwa ne a kan drip wai a huta da cikin, amma yanzu an gano in hanji ya zauna babu komai ƙwayoyin cuta na iya tsallakawa su shiga inda fankiriyas ɗin ya lalace, shi ya sa ake son farawa cikin kwana ukun farko. Kaɗan kaɗan ta fara da madarar gwangwani ta marasa lafiya, kullum tana duba sugansa.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda ta iya da dangi. Kun san mu da dubiya, wannan ta zo da farfesun kayan ciki, waccan fura da nono har da man shanu a kai. Cikin raha take cewa "Hajiya a mayar wa jikoki, Baba ba ya son maiƙo yanzu." Da aka cire robar sai kunu mara gyaɗa, farar shinkafa, kifi dafaffe, sau biyar ko shida a rana.

Da bayan gidansa ya koma mai maiƙo likita ya rubuta Creon, maganin da ke taimakawa wajen narka abinci, ana haɗiya tare da abinci ba a taunawa. Ita ce ta faɗa mana tun kafin mu saya cewa daga alade ake samo shi, muka tambayi malaminmu ya ce larura ce.

Ƙorafina ɗaya, ba ta zuwa Asabar da Lahadi, kuma madarar a waje muke saye, ta ci mana kuɗi ba kaɗan ba wallahi. Duk da haka in naku ya kwanta da wannan ciwo ku ce a kira muku ita tun ranar farko.