Tsarin tantance masu shiga guruf a WhatsApp ya taimake ni

Ni ce admin ɗin guruf ɗin adashenmu na matan unguwa, kuma wallahi tun da WhatsApp suka kawo tsarin nan a 2023, wanda sai admin ya amince kafin a shiga, na samu sauƙi. Da can link ɗinmu yawo yake hannu zuwa hannu, ki wayi gari ki ga baƙuwar lamba tana tallan ninka kuɗi, har wata baiwar Allah ta kusa turawa. Yanzu sai na duba lamba da hoto, in ban gane ba in kira in ce Hajiya wa ya turo ki? Matsalar dai in datata ta ƙare mutane su yi ta jira, shi ya sa na ƙara ƙanwata a admin.