Gahawar Yirgacheffe ko baƙar nan mai sheƙi?

Malam, ka tambayi wacce za ka saya tsakanin gahawar Yirgacheffe ta Habasha mai suyar sama-sama da baƙar nan mai sheƙi da aka nuna maka: ɗauki ta Yirgacheffe. Duka biyun sun shiga gidana, don haka ba jita-jita nake ba ka ba.

Hunturun bara ƙanena ya dawo daga Umara, ya biyo ta Addis Ababa, ya yi mini tsarabar ƙunshi ɗaya, giram 250. Ƙwayoyin ƙanana ne, kalar kirfa, a bushe, babu maiƙo ko kaɗan, kuma da tauri. Bayan sallar asuba na daka cokali biyu a ƙaramin turmin ƙarfe, ƙamshi ya cika zaure kamar an shigo da fure. Da na kurɓa sai na ji ɗan tsami mai daɗi irin na lemun tsami, zaƙi na biye da shi, ruwan kuma ba kauri, kamar shayi. Maƙwabcina da ba ya shan komai sai da sukari cokali uku ya shanye kofinsa haka nan, ya miƙo a ƙara masa.

Wannan ɗanɗanon daga gona yake. Yirgacheffe tana yankin Gedeo a kudancin Habasha, a kan tuddan da tsayinsu ya kai mita 1,700 zuwa 2,200. Can akwai sanyi, musamman da dare, shi ya sa 'ya'yan gahawar ba sa gaggawar nuna. Suna daɗewa a bishiya, ƙwayar ta yi tauri ta tara zaƙi da tsami. Yawancin masu nomanta ƙananan manoma ne, suna shuka ta a inuwar manyan itatuwa tare da enset, wani tsiro mai kama da ayaba da suke ci. Da hannu ake tsinko jajayen ɗaya bayan ɗaya. Irin da ake kira Arabika ne, kuma asalinsa ma daga dazukan kudu maso yammacin Habasha yake. Mai suya kan sauke ta daga wuta jim kaɗan bayan ta fara ƙara kamar gugguru, wajen digiri 200, don kada wuta ta cinye wahalar manomin.

Baƙar kuwa, kilo guda na saya, na yi da-na-sani. Ɗaci ne da ƙauri kamar ƙanzon da ya ƙone. Idan da madara da sukari za ka sha, za ta yi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Kada ka sayi gari. Akwai masu haɗa shi da soyayyen ƙwallon dabino ko masara, akwai kuma masu ƙona wata gahawa mai araha da ake kira Robusta, wadda ake nomawa a ƙasa mai zafi, su liƙa mata sunan Habasha. Idan suya ta yi baƙi ƙirin, ba mai iya gane asalinta, abin da suke fakewa da shi ke nan. Ka ce a buɗe maka ka ga ƙwaya, ka kuma nemi ranar da aka soya ta. In mai kaya ya fara kame-kame, ka bar masa abinsa.

Sayi kaɗan, don zafin Sakkwato ba ya barin ƙamshi ya daɗe. Ka zuba a kwalba mai murfi, nesa da rana, kuma kada ka daka a turmin yaji. In ruwa ya tafasa ka sauke shi ya huta rabin minti, sannan giram 15 a ruwa mililita 250, ka bar shi minti huɗu ka tace. Kofin farko ka sha ba citta ba kanumfari.