Gane Ƙudan Tsando: Hoton Waya Ko Zaman Bakin Rafi?

Hoton waya yana da ranarsa. Ka ɗauki hoton ƙudan tsando, ka buɗa hoton da yatsu biyu, sai ka ga jijiyoyin fiffikensa sun zana siffar gatari, bakinsa a miƙe gaba kamar allura. Da wuya ido kaɗai ya kama siffar gatarin nan.

Amma ni na fi yarda da zaman bakin rafi da damina, can wajen Kachia a kudancin Kaduna, inda makiyaya ke shayar da shanu. Nan za ka ga ƙudan ya sauka a ƙafar saniya, ya ninke fikafikansa kamar almakashi, yana bin inuwa da shuɗin tufa. A irin wannan wuri sammore, cutar da cizon ƙudan tsando ke sa wa shanu, ke kama garke. Ka dai sa riga mai dogon hannu, don cizonsa da zafi.