Amrut da Kavalan: Wuskin Indiya da na Taiwan

Kamfanin Amrut na birnin Bangalor a Indiya ya fitar da wuskinsa na tsantsar sha'ir a shekarar 2004, ya kuma fara tallata shi a birnin Glasgo na Sikotilan, ƙasar da ta yi suna da wuski, wato ya kai hajarsa har gidan masu sana'ar. Kavalan kuwa sai a 2008 ya fito daga gundumar Yilan ta Taiwan.

Zafin ƙasashen biyu yana nunar da barasar da wuri, sai dai abin da ke ƙafewa a cikin ganga kowace shekara ya ninka na Sikotilan sau da yawa. Inda suka raba gari shi ne hatsi: Amrut yana amfani da sha'irin da aka noma a arewacin Indiya, Kavalan kuma daga Turai yake shigo da nasa, don haka a ganina na Indiya ya fi ɗaukar kamannin ƙasarsa.